Waƙar Taka Kabeji

Mai filin nan na jarida, ka taimake ni tun ban fasa wa wani piyano a ka ba. Resi matar mai kyandir ce take rubuta mini, ni ban iya ba, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Shekarata saba'in da ɗaya. Mijina Wenzel ya mutu shekara tara ke nan, ba kukansa na zo yi maka ba. Kabeji mai tsami muke sayarwa a bayan ganuwar Vienna. Duk kaka sai ya wanke ƙafa ya shiga gangar katako yana taka kabejin, ina zuba gishiri, yana rera wata waƙa da ya ƙaga don tsokanata, wai bakina ya fi kabejin tsami. Waƙar shirme ce, mai sauri, daidai da saukar ƙafa.

Bara waccan na ba wani saurayi hayar ɗakin sama, Kilian, mai tsara kiɗa. Siriri, ga tari, ba ya cin abinci sai an tsaya a kansa. Ya ji ina rera waƙar wajen wanki, ya sauko da takarda ya ce in maimaita. Na maimaita har sau uku, na ɗauka wauta ce irin tasu. Ashe piyano ya kai ta. Ya cire kabejin, ya cire bakina, ya sa wata budurwa tana jiran masoyi a bakin kogi. Sannan ya ja ta, ya ja ta, kamar ana rakiyar gawa.

Yanzu duk gari ita ake yi. 'Yan mata na sharar hawaye a kan waƙar da aka yi da ƙafa cikin gishiri! Matar likita ta zo sayen kabeji, ta ji ni, ta ce ba haka ake rera ta ba, in sassauta. Ni!

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Amma ran Lahadi na buɗe baki zan yi ta Wenzel, sai ta Kilian ta fito. Na sake, ita ce dai. Baiti na biyu ma ya tafi gaba ɗaya, kuma duk duniya ba wanda ya san shi sai ni. Resi ta ce in yi kuka in huta. Kuka zai dawo da shi?

Kilian ya koma cikin birni. Ka buga ya gani: yana bi na riguna biyu da kwat ɗin sanyi, suna nan cikin akwati. Ni ina bin sa waƙata. Ba zai ga nasa ba sai na ga tawa. Matar likita kuma ta dawo mini da tuluna da ta tafi da kabeji a ciki.

Tsohuwa mai kabeji

Amsa: Iya, na ji, kuma kina da gaskiya. Ya kamata ya tambaye ki, ya kuma gaya miki abin da ya mai da ita. Sai dai ban ga mugunta ba. Masu tsara kiɗa na zamanin nan haka suke, ko kaza suka ji tana kuka sai sun samo baƙin ciki a ciki. Ya ji abu mai kyau a bakinki, shi ya sa ya sauko da takarda. Tasa ta riga ta shiga gari, ba mai kamo ta.

Kwat ɗin kam ki aika masa yau. Ke kika ce yana tari, ga sanyi ya kusa. Waƙar Wenzel ba ta cikin aljihunsa.

Kin ce daidai take da saukar ƙafa, amma a zaune kika neme ta. Ga kabeji ya shigo kasuwa. Ki wanke ƙafa ki shiga ganga, Resi ta riƙe ki, ki taka da saurin da mijinki yake takawa. Ba na yi miki alkawari, amma a ganina ta Kilian ba za ta iya bin wannan gudun ba. Ki kira shi ya zo da takardarsa ya rubuta abin da ya fito, da kabejin, da bakin naki, da sunan Wenzel a sama. Abin da kike bin sa ke nan. In ya nemi jan ta, ki sa shi cikin gangar.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa baiti na biyu yana nan a diddigenki.