Idan Allura Ta Tono Garma

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randa a tsakar rana, inuwar da ba ta gudun mai ita, tantabarar da ta tashi ta bar mini gida fayau: uwar 'ya'yana, kakar jikokina.

Ina gaishe ki gaisuwar ƙasa ga ruwan farko. Labarin cewa 'yarmu Auta ta haihu ya same ni ina kafa wa wani mutum ƙofa. Na yar da guduma na rungume shi, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Namiji! To barka, kin yi sabon ango. Ki gaya masa ya bi a sannu. Shi ba haƙori, ni ma nawa sun kusa ƙarewa, sai mu ga wanda za ki zaɓa. Yaya hancinsa? Irin naki ne, ko Allah ya jarrabe shi da nawa?

Amma farin watana, ni da ke mun san ba haihuwa kaɗai ta kai ki gidan Auta ba. Tun da ɗan ƙullutun nan ya fito miki a wuya, likita ya ce a je a tsotso kaɗan da allura a duba, kika daina haɗa ido da ni. Abu biyu kika faɗa. Kika ce, "Malam, bar shi yana barcinsa, kada allura ta tono garma." Kika ƙara da cewa kin ji masu koyo ne ke yi, ke kuwa ba a wuyanki za a koyi hannu ba. Sai kika ɗaure kaya tun watan Auta bai kama ba.

Ni ma a lokacin ban san yadda abin yake ba. Rashin sanin nan kuwa ya hana ni sakat. Wace irin allura ce wannan? Su wane ne masu koyon? Sai na tuna da tsohon ƙullutun kafaɗata, wanda kike cewa a nan nake ajiye taurin kai. Na wanke shi tas, na sa babbar rigata, na kai shi asibiti.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tauraruwata. Gado ɗaya, tebur ɗaya. A kan teburin ga madubin likita, wanda ake leƙawa a ga abin da ido ba ya gani, ga kwalaben rini, ga 'yan gilasai sirara kamar farce a jere. Akwai babbar likita mai tabarau a kan hanci, da wata matashiya da ba ta wuce sa'ar Auta ba. Ita ce mai koyon. Ashe ba 'yar makaranta ba ce, cikakkiyar likita ce, tana ƙaro sani ne a kan gane cuta daga 'yan ƙwayoyin jiki. Wai a da zama suke yi a kawo musu abin dubawa, yanzu ana koya musu su ɗebo da hannunsu, don mai dubawa shi ya san yawan da zai ishe shi. Na yi ta tambaya har babbar ta ce, "Baba, mu ne za mu duba ka, ko kai ka zo duba mu?"

Kin san a kan me suke farawa? Ayaba! Wallahi ayaba, da ɓawonta. Su yi ta sukarta har su gane yadda allura ke ji idan ta wuce fata. Daga nan sai hanta, a cusa ta cikin safar hannu ta roba, su riƙa lalubo ta ba su gani. Su yi ta shafa man shafawa a gilashi har ya kwanta siriri. Ba a barinsu su taɓa ɗan Adam sai babba na tsaye a kafaɗarsu. Na ce wannan ai na gane shi, ni ma ban taɓa miƙa wa ɗan koyo katako mai kyau ba sai ya gama ɓata guntaye.

Kafin matashiyar ta taɓa ni, da bakinta ta gaya mini koyo take yi, in ban yarda ba babbar za ta yi. Na ce bismillah, 'yata. Ta goge wurin da auduga mai sanyi, ta kama ƙullutun tsakanin yatsu biyu yadda kike kama maɓalli idan za ki ɗinke shi. Allurar ba ta kai taki ta ɗinki kauri ba. Zafin kuwa, cizon cinnaka ya fi shi. Ta ɗan motsa ta ciki, ta zare, ta fesa ɗigo a gilashi, ta shafe da wani gilashin, ta tsoma a rini, ta leƙa. Sai ta ɗago ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, bai isa ba, jini ya fi yawa." Babu ɓoye-ɓoye, babu tsawa. Babbar ta gyara mata zaman yatsu, ta sake. A nan hankalina ya kwanta da su.

Da na dame su, suka bar ni na leƙa. Wayyo furen zuciyata, ina ma kina wurin! Ashe gari guda ne a cikin ɗigo! 'Yan ɗakuna farare manne da juna kamar saƙar zuma, kowanne da bango mai launin shuni. Duk wannan a kafaɗata yake ina yawo da shi ban sani ba? Suka ce kitse ne, kuma da sakamako ya fito ya tabbatar. Kitse! Ni da kike kira sillen kara!

Na taso na san allura biyu: taki mai haɗa abin da ya yage, da ta asibiti mai zuba magani. Wannan ta uku ba ta ɗinki, ba ta zubawa. Tambaya kawai take yi ta fito.

Kin tuna lokacin da na shiga makarantar yamma da furfurata? Kin tuna la'asar ɗin nan a gindin bishiyar tsakar gida, fensir yana karyewa a hannun da ya saba da zarto, ina rubuta ƙafa tana fitowa kafa? Na yi fushi na ce na bari. Kika ɗauki wuƙa kika feƙe fensirin, kika ce gwani ma da ɓarna ya fara. Da ba ki bar ni na ɓata takardu ba, wa zai rubuta miki wannan? Ke da kika yi haƙuri da tsohon ɗan koyo, yaya za ki guji ƙaramar da ta fi shi nutsuwar hannu?

Saura maganar garma. Ba zan yi miki ƙarya ba, hasken gidana: nawa kitse ne, wannan bai ce naki ma haka yake ba. Na tambaya. Babbar ta ce da yawa irin naki ba komai ba ne, wasu kuwa komai ne, kuma allurar ba ta tashin abin da ke barci. To in har akwai garma binne a tsakar gidanmu, wanne ya fi: mu tono ta da rana mu biyu, ko ki taka ta a duhu ke kaɗai? Gara mai cin katako, idan aka ji motsinta da wuri, katako ɗaya ake canzawa. Idan aka toshe kunne, rufin ne ke saukowa. Ni kuwa ba ni da wani rufi sai ke! Wa zai goya angon nan? Wa zai tsaya masa idan ya ɓalla mini tabarau?

Ki dawo, don Allah, ko ki ce in zo in ɗauke ki. In kin fi son babbar ta yi, ita za ta yi, na tambaya wannan ma. Kowane abu madubin ya nuna, namu ne mu biyu.

Abu ɗaya suka ce in gargaɗe ki. Na wuya ba kamar na kafaɗa ba ne: muddin allurar tana ciki, ba a haɗiyar yawu, ba a magana. Ba a magana, tantabarata! Tun da aka ɗaura mana aure akwai wata kalma da nake farawa, kina katse ni da "Malam, kai da tsufa ba ka jin kunya?" To na roƙi izini, sun ce zan iya tsayawa daga wajen ƙafafunki. Ɗan lokaci ne ƙwarai, amma ya ishe ni. A ranar zan faɗe ta har ƙarshe, a gaban likitoci biyu, ke kuma ba ki da bakin hana ni.

Ni ne naki tun gashi yana baƙi, naki yau da ya yi fari, naki har ƙasa ta rufe mini ido,

Kakan angonki.