Littafin Baba a Ƙunshin Ƙosai

Sharaɗa, Kano
2 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Idrisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da iyali. Ya damina? Mu nan sai godiya, ban da gajiyar da ta ƙi sakina.

Yaya, na yi abin da ka hana. Littattafan marigayi Baba goma sha biyu da ka ba ni ajiya, na raba wa 'yan ajina ranar da aka ba da dogon hutu. Shekara takwas ina ce musu su yi karatu a gida, alhali gidajen ko tsohuwar jarida babu, iyayen kuma suna kamfani tun da sassafe. Na gaji da wa'azin fatar baki. Na yi maka alkawari za su dawo lafiya.

Ƙanwarka,
Maimuna

29 ga Agusta

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Hajiya?

Jiya na sayi ƙosai a bakin wani kamfanin roba. Na buɗe ƙunshin a cikin adaidaita, sai ga rubutun Baba da jan biro a gefen takardar, mai ya jiƙa shi. Na sauka na koma da ƙafa, raina a ɓace.

Ashe mai ƙosan mahaifiyar Ladidi ce, wata ɗalibata mai shiru-shiru, ita ke taya ta ƙunshewa. Ladidi ba ta gudu ba. Ta ce takardar ƙunshi ce ta ƙare wa innarta, aka koma kan littafin da na ba ta, ita kuma ta roƙa kada a yagi shafi sai ta karanta shi. Sati uku tana tsere da layin ma'aikata masu sayen ƙosai.

Ban yarda ba, na ce to ta faɗa. Wallahi tiryan-tiryan ta kawo labarin, har wurin da Baba yake tsayawa ya yi dariya in yana karanta mana. Shafi biyun ƙarshe ne kawai ba ta karanta ba, an sayar da ƙosai a cikinsu ranar da aka aike ta niƙa. Ta tambaye ni yadda ya ƙare.

Na buɗe baki, sai na tarar na manta, ni da na shekara goma ina gadinsa a akwati. Kunya ta kama ni sosai.

Na karya alkawari, ka yafe mini. In ka tuna ƙarshen, don Allah rubuto da wuri. Na ce mata ta jira zuwa Juma'a.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Maimuna