Layin da Mai-guga Ya Gyara

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mai saye zai zo ran Alhamis ya ɗauki Mai-guga, bawan nan da muka gada wajen Baba. Ƙarfinsa ya ƙare, lambu kuma ba ya jira. Kai ne mai kyan rubutu, ka rubuto mini takardar ciniki. Takarda na ce, ba wa'azi ba.

Yayanka.

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ka yi mini afuwa, hannuna ba zai rubuta ba.

Ka tuna Alƙur'anin da na rubuta wa Baba, wanda kake karantawa kullum da safe? Ranar da nake bitarsa a bayyane a bakin rijiya, ashe na tsallake layi guda wajen rubutu. Mai-guga bai ko saki igiya ba, ya karanto mini shi da ka. Daga baya ya gaya mini a makaranta aka kama shi, da allo a hannunsa. Ɗa ne, Yaya, iyayensa ba bayi ba ne. Gyaran yana nan a gefen shafi, da jar tawada.

Shekara goma sha ɗaya na san wannan, na yi gum don kada ran Baba ya ɓaci. Kunya nake ji. Kai kuma tsoro nake ji maka. In ka sayar da shi, ranar tsayuwa ba da Mai-guga za ka yi shari'a ba, da Ubangijinsa ne.

Ƙanenka mai biyayya.

Ƙanena,

Na ga saƙonka. Wato ka fi Baba tsoron Allah ke nan? Malamin unguwarmu ya ce abin da aka gada halal ne. Kai kana zaune a inuwa da alƙalami, ni nake fama da albasa tana bushewa. Marubuta ba su ƙare a gari ba.

Yayanka.

Ƙanena,

Salama. Yau da safe karatuna ya kawo ni kan jar tawadar nan, na kasa wucewa. Na je rijiya na ja wa Mai-guga farkon layin. Ya ƙarasa, ya ci gaba, sai da na ce ya isa. Tafin hannunsa duk igiya ta cinye.

Na sallami mai saye. Ka rubuto takardar 'yanci. Da na tambayi Mai-guga sunansa na yanka don a sa a ciki, sai ya daɗe yana kallona. Shekara talatin muna gida ɗaya, ban taɓa tambaya ba.

Ka bar gurbin sunan. Ya ce shi zai rubuta da hannunsa.

Ka roƙa mini gafara.

Yayanka.