Kwalbar kokwamba ta yi ƙanƙara

Yaya,

Na tafi wurin ɗinki, na kasa tashin ki.

Kokwambar da kika jiƙa da gishiri da ruwan khal mai tsami, ni ce na tura kwalbar can ƙuryar firij jiya. Da safe na tarar rabin ruwan ya daskare. Na tsorata, na kwashe ƙanƙarar na zubar. Ashe kusan ruwa zalla na zubar, gishirin da tsamin duk suna ƙasa. Na ɗanɗana, har yanzu harshena raɗaɗi yake. Ki yi haƙuri.

Don Allah kar ki zuba wa Baba, ko ya marairaice. Kin san hawan jininsa. Hankalina bai kwanta ba, don na fito yana tsaye gaban firij da cokali a aljihu.