Zuwa Ga Nura, Wanda Na Ari Sunansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda Allah Ya ajiye ka.

Nura, ban san adireshin da zan rubuta a bayan ambulan ba, shi ya sa na sa ta a shafina inda kowa zai gani. Wata goma sha huɗu ke nan rabon da a ji muryarka. Wanda duk ya san inda kake, don girman Allah ya karanta maka. Su kuma waɗanda suka san ni a nan Alƙahira da sunan Nura ɗan ƙwallo, yau su ji: sunana Sanusi, ni yayan Nura ne uwa ɗaya uba ɗaya, na girme shi da shekara takwas.

Ka tuna daminar 2011, lokacin da dillalin 'yan wasan nan ya zo Funtua. Ina da shekara ashirin da shida, na yi shekara bakwai ina gararamba a ƙananan ƙungiyoyi tsakanin Kaduna da Katsina, ba abin da na tsinana. Ya kalli wasana sau biyu, ya ja ni gefe ya ce ƙafata ta Turai ce, shekaruna ne na gida. Ya ce akwai ƙungiya a Masar mai neman 'yan ƙasa da ashirin, daga Masar kuwa zuwa Turai taku ɗaya ne. Amma takardar rantsuwar kotu ta daina ci, kowa ya gane ta. Tsohuwar takardar haihuwa ta gaske ake so, da ta makaranta da ta dace da ita. Sai ya tambaye ni ko ina da ƙane.

Na same ka bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gida kana bitar littafin nahawu. Na yi ta kewaye-kewaye, kai ka gane kafin in gama. Ka shiga ka buɗe akwatin ƙarfen marigayi Baba ka ɗauko takardun ka miƙo mini da hannu biyu. Ka ce, "Yaya, takarda ce kawai. Ni ina zan je da ita?" Inna muka ce mata cike-ciken ofis ne. Ni na faɗa, kai ka sunkuyar da kai.

A cikin jirgi na yi ta maimaita ranar haihuwarka don kada bakina ya suɓuce a gaban jami'ai. Ranar nan kuwa na san ta fiye da kai. Ni aka aika kasuwa da gudu in faɗa wa Baba Inna ta sauka lafiya, an samu namiji. Ni na riƙe ƙafar ragon sunanka. Ita ce ranar da na tsaya a filin jirgin Alƙahira na ce a ita aka haife ni, jami'in ya buga hatimi ko ɗago kai bai yi ba.

Aka ajiye ni a wani ɗaki a unguwar Ard al-Liwa, mu shida, a hawa na biyar na benen da ko shafe ba a yi masa ba. Ƙungiyar ta rukuni na biyu ce, a can bayan gari. Kullum sau biyu nake aske gemu. Yaran da na girma da shekara huɗu suna aike na in kwaso ƙwallaye, in tafi da gudu. Mai horar da mu yana dungure mini kai yana ce mini yaro.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin watannin nan. A cikin 'yan sha takwas ba mai iya ture ni, ba mai riga ni karanta wasa. Ana ta cewa ba a taɓa ganin yaro mai natsuwata ba. Har na fara yarda da su. Akwai ranakun da in aka kira Nura nake juyawa ban tuna da kai ba ko kaɗan.

Farkon 2012 aka yi kashe-kashen nan na 'yan kallo a wani filin wasa na Masar, aka dakatar da gasa. Wata da watanni muna atisaye a fili rufe, ba wasa, ba mai zuwa kallo. Abokan wasana suna cewa ma'alish, wato ba komai, ai muna da lokaci, yara ne mu. Su suna da shi. Ni kowace safiya gwiwata ta dama sai na lallashe ta kafin ta yarda in sauko daga benen.

A 2013 ka kira ni cike da murna. Ka ce an ɗauke ka cikin waɗanda za a ba tallafin karatu a jami'ar addini ta nan Alƙahira, kai da abokinka Habibu. Ka ce ga ka nan zuwa garinmu, in tanadar maka wuri. Na ce masha Allah, na yi maka barka. Na san fasfo za ka nema. Na san abin da na'urarsu za ta nuna. Na ajiye wayar ban gargaɗe ka ba, ina gaya wa kaina wataƙila ba za su lura ba.

Sun lura. Sunanka, sunan Baba, ranar haihuwa, lambar takarda, duk ga su a jikin fasfon wani, da hoton wani. Kwana tara aka tsare ka. Kawu Sale, ƙanen Inna, wanda ya yi ta zirga-zirga har aka sake ka, shi ya ba ni labarin cewa sun juyo maka da fuskar kwamfutar sun tambaye ka wane ne wannan, ka dubi hotona ka ce ba ka san shi ba. Sun maimaita tambayar kullum, amsarka ba ta canza ba. A bakin Kawu Inna ta ji gaskiyar cike-ciken ofis.

Wani jami'i mai tausayi ya gaya wa Kawu akwai mafita. Idan mai riƙe da fasfon ya kai kansa ofishin jakadanci ya miƙa shi, ya rubuta da hannunsa abin da ya yi, za a iya wanke sunan kafin a rufe karɓar ɗalibai. Ka kira ni a kan haka. Sai da ka fara tambayar gwiwata.

Na ce ka ba ni wata uku. Na ce an hau da ni babbar tawaga, akwai wani Bature da zai zo duba 'yan wasa, idan na tsallaka zan gyara komai, har karatun da ya fi wannan zan kai ka. Na daɗe ina magana. Da na gama ka ce, "To, Yaya. Allah Ya ba da sa'a." Aka ba wani gurbinka. Habibu ya taho shi kaɗai.

Baturen bai zo ba. Da sanyi ya shigo, a wani ƙaramin wasa da ko mutum ɗari ba su kalla ba, na juya da ƙwallo gwiwar ta yi ƙara na faɗi. Likitan ƙungiya, wani dattijo mai furfura, ya ɗaga hoton ƙashin ya duba, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, gwiwar nan ta girme ka." Bayan mako biyu wani ya nuna wa shugaban ƙungiya tsohon hoton tawagarmu ta Kaduna da ke yawo a intanet, na shekarar 2004. Ga ni a tsaye a layin baya da gashin baki, a shekarar da takarda ta ce ina ɗan sha ɗaya. Ba su kai ni ko'ina ba, don su ma suna tsoron hukunci. Aka miƙo mini takalmana a leda, aka ce khalas, shi ke nan.

Ko a lokacin, Nura, da na je ofishin jakadancin, da wataƙila ka samu shiga shekara mai zuwa. Ban je ba. Ina tsoron kurkuku, ina jin kunyar sauka a tashar Funtua ina ɗingishi hannu rabbana. Na ce bari gwiwar ta warke in gwada Sudan.

Na samu aikin ban ruwa da share fili a unguwar Ma'adi, inda 'ya'yan Turawa ke wani wasa na dukan ƙaramar ƙwallo da kulki. Mai koya musu, wani baƙin mutum daga tsibiran can gefen Amurka, da ya ji na taɓa buga ƙwallo sai ya tambayi shekaruna, na faɗi na takarda. Ya yi dariya ya ce a garinsu ma haka manyan 'yan wasan kulkin ke yi, a ari takardar ƙane ko ɗan kawu, wasu sai sun yi suna a duniya asiri ke tonuwa. Na taya shi dariya. Na so in tambaye shi su ƙannen ina suke ƙarewa, ban iya ba.

Kai kuwa ka gaji da jira. Ka gaya wa Inna za ka bi ta Agadas ka shiga Libiya, ka yi ɗan aiki, ka gangaro Masar ta ƙasa, tunda a zauren karatun masallaci ba a tambayar fasfo. Da yake ba ka da wata shaida taka da za ta yi aiki, ka ɗauki tsohon katin shaidata da na bari a ɗaki, tunda muna kama. Kiranka na ƙarshe daga garin Sabha na Libiya ne, cikin azumin bara. Ka ce wa Inna kana lafiya, gobe za ku tashi. Kana da lambata. Ba ka kira ni ba, kuma ban ga laifinka ba.

Shekara uku ina kauce wa Abbasiya, unguwar da ɗalibanmu ke zama, don kada in haɗu da wanda ya san mu. Da shirunka ya yi tsawo na je, ranar wata Juma'a bayan an sauko, gidan da ɗalibai ke cin tuwo. Wani ya gabatar da ni a matsayin Nura ɗan ƙwallo daga Funtua. Habibu yana wurin. Ya tsame hannunsa daga kwano ya dube ni, na ɗauka zai tona ni a gaban jama'a. Sai ya gaishe ni da Yaya, ya wanke hannu ya ce in zo mu je.

Ya kai ni ɗakinsu ya nuna mini kusurwar da ya hana kowa shimfiɗa katifa har zango guda, yana sa ran za ka iso. Ya ce tun kafin ya taso ka roƙe shi kada ya neme ni, kada kuma ya gaya wa kowa, don kada a kore ni daga ƙungiya. Ya ce, "Da ya zo, da ya fi mu duka." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Tun daga ranar muke nemanka tare. Duk wanda muka ji ya fito daga Libiya, ɗan Najeriya ko ɗan Nijar, sai mun same shi. Mun yi watanni muna tambayar Nura kafin Habibu ya tuna mini cewa ba da wannan sunan ka shiga sahara ba. Idan kana cikin wani gidan yari, ko a rajistar wani asibiti, Sanusi aka rubuta. Yanzu haka nake bi ɗaki-ɗaki a Ard al-Liwa ina tambaya ko akwai wanda ya ga Sanusi ɗan Funtua, dogo, mai tabo a gira, mai yawan karatun Alƙur'ani. Wani ya ce ya ga mai kama da kai a wurin gini a Bangazi. Wani ya ce motar da ta tashi daga Sabha a makon da ka kira Inna ba ta isa ba. Ba wanda ya tabbatar.

Kawu Sale ya kawo shawarar a yi maka sallar jana'iza da sadaka. Inna ta ce ba a gidanta ba. Idan na kira ta, ta amsa gaisuwa, ta ce an ji wani abu? In ce a'a. Sai ta miƙa wa wani wayar. Ta daina tambayata yaushe zan dawo.

Ranar Talatar da ta wuce na je ofishin jakadancin. Na ajiye fasfon a kan tebur, na cika shafi biyu da hannuna. Jami'in ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya tambaye ni me ya sa sai yanzu. Za su ba ni takardar komawa gida bayan Babbar Salla, kuma sun gaya mini a fili cewa a filin jirgi hukuma za ta karɓe ni, wataƙila har kotu. Na ce na ji. Abin da aka nema a wurina shekara biyu da suka wuce ke nan, bai ɗauke ni awa guda ba.

Ƙanena, kai da nake saɓawa a wuya in kai ka bakin fili, in zaunar da kai a kan takalmana ka yi mini gadi. Ba na roƙon ka yafe mini a cikin wannan wasiƙa, ban kai nan ba tukuna. Idan kana raye, fushi ne ya hana ka magana, ka riƙe fushinka, haƙƙinka ne. Ni kada ka kira ni har abada in ka so. Amma ka kira Inna. Lambarta ba ta canza ba, wayar tana ɗaure a bakin zanenta ko salla za ta yi.

Ya Allah, idan Nura yana raye, Ka tsare shi, Ka ciyar da shi, Ka buɗe masa ƙofar da aka rufe shi a bayanta, Ka mayar wa Inna da shi tana da sauran gani. Idan kuma Ka riga Ka karɓe shi, Kai ba Ka bukatar takarda kafin Ka gane bawanKa. Ka karɓe shi a matsayin ɗalibin da ya fita neman ilimi, Ka haskaka makwancinsa, Ka sanar da mu inda yake ko don mu san gabas ɗin da za mu fuskanta da addu'a. Ni kuma Ka ba ni ƙarfin tsayawa a gaban mahaifiyata.

Wassalam.

Yayanka,
Sanusi
Ard al-Liwa, Alƙahira
Satumba, 2015