Mesar Mamana

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya maigidan da yara? Mu nan sai godiya. Na zaɓi takarda ne don wannan ba maganar waya ba ce, 'yata Mamana tana kusa, kunnenta kuma irin naki ne.

Bari in fara da yaba wa mutumin da ya buɗe ƙaramin gidan namun dajin nan na bayan tashar mota. Basira iya basira. Ya tara zomaye da 'yan awaki, da jimina mai ciwon ido, da wani biri da duniya ta ishe shi, ya kewaye su da waya, ya ce a biya a shigo a taɓa. Mu a kasuwa faɗa muke da masu taɓa kaya ba saye, shi kuwa taɓawar yake sayarwa, kayansa na nan. Na sara masa.

Tun da kika turo min yarinyar nan hutu ba ta da zance sai na wurin. Kin san yadda nake jiran hutun nan. Tun rasuwar mahaifiyarta a hannunki take, ni uban waya ne kawai. Don haka na rufe rumfa, na ba ta sabon takalmin da na sa baduku ya ɗinka mata, muka tafi. Ta ba zomo karas, ta shayar da ɗan akuya madara da kwalba, har ta kama hannuna ba tare da na miƙa ba.

Sai mai kula da dabbobin ya fito da mesa a kafaɗa. Yara suka watse, Mamana ta matsa kusa. Ya ɗora mata a wuya tana dariya, wai sanyinta kamar jikin randa. Ta ce Baba zo ka shafa, ba ta cizo. Yaya, tun ban yi gemu ba nake cinikin fata, hannuna bai san shafa ba, awo ya sani. Kafin in ankara na juya cikinta, na bi da babban yatsa ina neman tabo, na auna faɗinta da taƙi. Bakina kuma ya bi hannun. Na ce wannan ba huji ba ƙuna, jaka biyu za ta yi har a sami ragowar ɗamara. A gaban iyayen yara. Wata mata ta janye ɗanta kamar ni ne macijin.

Mamana ta tambaye ni ta yaya ake cire mata fatar. Ni da nake rantse wa mai saye safe da yamma cewa ban ci riba ba, a nan ƙarya ta guje ni. Na yi mata bayani dalla-dalla, har ina nuna inda wuƙa ke farawa. Ta dubi ƙafarta ta ce wannan fa na wane ne? Na ce akuya. Ta cire takalmin ta miƙo min, da safa ta taka har bakin titi.

Ke kika gaya mata jaka da takalmi nake sayarwa. Ba ki yi ƙarya ba, kin dai tsallake farkon labarin, ni kuma na karanta mata shi a tsaye.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Mai Fata

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan ciwon ya yi sauƙi. Direban da ya kawo miki wannan shi ya kawo miki Mamana jiya. Ta ce gida take so, ban kuma tambaye ta nan ɗin mene ne ba, don ina tsoron amsar. Takalmin yana ƙasan jakarta, kada ki matsa mata.

Akwai abin da na rage a waccan wasiƙar. Muna fita, mai kula da dabbobin ya biyo ni yana murmushi, ya ce ashe oga ɗan hannu ne. Ya ce mesar ta tsufa, ta daina cin abinci sosai, in wani abu ya faru wa zai kira? Yarinyata na tsaye da safa a kan tsakuwa, ni kuwa na karanta masa lambata, har na maimaita don kada ya yi kuskure. Ban san ko ta ji ba. Fuskarta dai ba ta nuna ba, kuma kin san daga wurin wa ta gaji wannan.

A tasha na yi duk dabarar da nake wa mai saye in ya juya baya. Na yi barkwanci, na yi rantsuwa, na rage murya. Ba ta taya ba. Sai da mota za ta tashi ta leƙo ta ce in ina so ta dawo hutu mai zuwa, in riƙa zuwa ina duba mata mesarta, in turo hoto ta wayarki, hannuna kuma a aljihu. Na ce na yarda. Ban taɓa karɓar sharaɗi ba tare da na nemi ragi ba sai ranar.

Ki sa mini baki a hankali, ke take ji.

Ƙaninki

Yaya,

Gaisuwa irin ta kullum, Allah ya ƙara lafiya. Na gode da kika ce ta yi murna da hotunan nan biyu. Na je da gaske, na tsaya hannu a aljihu kamar mai jiran mota, har birin ya fara gane ni.

Shekaranjiya mai kula da dabbobin ya kira, mesar ta mutu. Allah shaida da niyyar binnewa na tafi, har na ari shebur wurin maƙwabcina. Na tarar ya shimfiɗe ta a bayan kejin jimina, ya kama ta da wata dakusasshiyar wuƙar kicin, ya fara daga inda ba a farawa. Na ce ya bari, ya ce maigidansa ya ce kada a yi asara. Na kau da kai. Na ji wuƙar tana ja tana yagewa. Yaya, na jure iyakar jurewata, sannan na ce kawo nan, kana ɓata ta.

Ban taɓa fiɗa mai kyau irin wannan ba. Sauran na binne da kaina, shebur bai je a banza ba. Fatar tana bayan rumfa, na sa mata gishiri na miƙe ta a jikin allo. Baduku ya gani ya rikice, dillalai suna ta zarya, na ce ba ta sayarwa ba ce. Suna tsammanin salon ɗaga kaya ne, don sun san ni. Ni kuwa ko ta gefen allon ba na iya bi, ta ƙofar gaba nake zagayawa.

Jiya kin ba ta waya ta ce Baba ina hoton wannan makon, na ce kyamarar ce ta lalace. Hutu ya kusa, ɗakinta na sa an yi masa fenti. Ke kika raine ta, kin fi ni sanin abin da za ta iya ɗauka. In ta sake tambaya ina mesarta, in ce mata ta mutu, ko in ce tana wurina ina kula da ita?

Ƙaninki,
Baban Mamana