Madarar da Baffa Ya Ɗura wa Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da su Ummi, ya zaman Legas? Mu nan Kura sai godiya, amma raina a ɓace yake.

Ranar Talata Baba ya yanke jiki ya faɗi yana yi wa tumatir feshin maganin ƙwari. Kafin a samo adaidaita, Baffa Sale ya fasa gwangwanin madara, wai tana karya dafi. Na riƙe hannunsa na ce kada ya ɗura. A zangon nan aka koya mana a jami'a cewa akwai ɗan murfi a maƙogwaro mai rufe hanyar iska yayin haɗiya, kuma ba ya aiki idan mutum ya suma. Baffa ya ture ni ya ce, "Shekara biyu kina leƙen ƙwayar halitta, ko allura ba ki iya ba."

Madarar ta tafi huhu. Yau kwanan Baba shida a asibiti. Likita ya maimaita maganata, kowa ya gyaɗa masa kai.

Ki sa Baba a addu'a, ki gaida yaran. Baffa ma yana gaishe ki. Yana can bakin kasuwa yana ba da labarin yadda madararsa ta ceci yayansa.

Ƙanwarki,
Rabi